Daga Gwadangaji Zuwa Argungu: Hanyoyin Ba Da Kwangilar Gine-gine da Matsalolin Tafiyar da Aiki a Kwarin Rima

Tsakure

Wannan takarda ta duba hanyoyin da hukumomi ke bi wajen ba da aikin gini da tituna da madatsun ruwa, da irin cikas ɗin da ayyukan ke cin karo da shi bayan an sa hannu. Misalanta sun fito ne daga ƙasar da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu da kuma saman Gulbin Rima. Ta bi tanadin dokar ba da kwangila ta 2007, ta auna hanyoyin da aka fi bi, sannan ta tsaya a kan aikin noman rani na Zauro. Matsayinta shi ne yawancin ayyukan da suka maƙale a wannan kwari sun ɗauko cutarsu tun kafin a kira ’yan kwangila: ba a gama da masu ƙasa ba, ba a auna ruwa ba, kuɗi ba su zo hannu ba, ba a kuma dubi kalandar damina ba.

Gabatarwa

Wanda ya bar Birnin Kebbi ya kama hanyar Argungu, tafiyar da ba ta kai sa’a guda a mota ba, zai wuce ayyuka huɗu da kowanne ya isa a yi darasi a kansa. Da fita gari, a Gwadangaji, akwai sabuwar sakatariyar jiha. An aza harsashinta zamanin Gwamna Sa’idu Usman Dakingari, ta yi shekaru tana tsaye kango, sai da gwamnatin Nasir Idris ta hau a 2023 aka koma kanta. Gaba kaɗan ga Zauro, wadda aka raɗa wa wani babban aikin noman rani sunanta tun 1969, kuma har yau ba a yi shi yadda aka shata ba. Sai Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake, wanda gwamnatin jiha ta gina ta kuma gama. A Argungu kuwa ga masana’antar shinkafa ta WACOT, ta ’yan kasuwa, mai iya sarrafa tan 120,000 a shekara, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya buɗe a watan Agustan 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa.

Rana ɗaya ke dukan waɗannan wurare, daga kasuwa ɗaya ake sayo musu siminti, ba mamaki ma birkila ɗaya ya yi aiki a biyu daga cikinsu. Duk da haka wani ya ƙare, wani ya yi dogon barci ya farka, wani bai tashi daga kan takarda ba. Me ya raba su?

Ba Kebbi kaɗai ke da wannan ciwo ba. Kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya miƙa rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba, kuma gama su zai ci naira tiriliyan 7.78 a kuɗin wancan lokaci. Ban da na jihohi, ban da na ƙananan hukumomi.

Kafin zuwan takarda

Ƙasar Kabi ba baƙuwar babban gini ba ce. Ganuwar Surame, wadda Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, har yanzu ragowarta na nan. Masu ba da tarihi suna cewa Kanta ya raba ganuwar ne kashi-kashi, kowace al’umma da ke ƙarƙashinsa da nata yanki, kuma da Nufawa suka makara sai ya ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya maimakon ruwa. Ko labarin ya faru haka ko an ƙara masa gishiri, ya nuna an san iyakar aikin kowa, an san ranar zuwa, an kuma san tarar makara.

A ƙasa da fada kuwa, jinga ce ke gina gari, kuma ita ce har gobe ke gina mafi yawan gidajen Badariya da Bayan Kara da unguwannin Argungu. Maigida ya sayo bulo da siminti da rodi, ya yi jinga da birkila daga harsashi zuwa linta, ya biya wani abu a fara, saura in an kai. Ba lauya, ba takardar banki. Abin da ke riƙe da birkila shi ne a garin yake zaune, gobe ma yana neman aiki, maigida kuma kullum da la’asar yana wurin yana ƙirga buhunan da suka rage. Kuɗin nasa ne, shi ya sa idonsa ba ya barci. Dukan dokokin kwangila na zamani ƙoƙari ne na samar da wannan ido a inda kuɗin na kowa da kowa ne.

Abin da doka ta ce

Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, wani bincike da Bankin Duniya ya taimaka aka yi ya fito da maganar da ta shahara, cewa a kowace naira da gwamnati ta kashe kan kwangila, kwabo 60 na zurarewa ta ɓarauniyar hanya. Daga nan aka kafa ofishin bin ƙa’ida a fadar shugaban ƙasa a 2001, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta. A watan Yunin 2007 Shugaba Umaru Musa ’Yar’aduwa ya sa hannu a kan dokar ba da kwangila, aka kafa hukumar kula da ba da kwangila, BPP.

Dokar ta ɗauki buɗaɗɗiyar gasa a matsayin asali. A buga talla, kowa ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe a bainar jama’a, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ta yarda da wasu hanyoyi in akwai hujja: gayyatar zaɓaɓɓun kamfanoni kaɗan, gasa mai zango biyu ga aikin da ba a gama sanin siffarsa ba, ba da aiki kai-tsaye, da kuma na gaggawa lokacin bala’i. Ta hana a fara neman ɗan kwangila sai aikin yana cikin kasafin kuɗi. Ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin 100, kafin dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga kamfanonin gida. Ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan an tabbatar da aiki ya zama jinkiri, kuma sai an ɗora wa hukuma kuɗin ruwa. Ta kuma haramta daddatsa babban aiki zuwa ƙanana don a kauce wa idon na sama.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne dokar ta tarayya ce. Tana hawa kan Jami’ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da duk aikin da aƙalla kashi 35 na kuɗinsa ya fito daga asusun tarayya. Jiha sai ta yi tata. Yawancin jihohi sun yi ko sun gyara tasu ne bayan 2018, lokacin da shirin SFTAS na Bankin Duniya, mai dala miliyan 750, ya ɗaura tallafi da sharaɗin yin doka da wallafa kwangiloli a intanet. Dokar da aka yi don a karɓi tallafi kuwa, sai an sa mata ido bayan tallafin ya ƙare.

Zane daban, gini daban

Hanyar da aka gada daga Turawan Ingila, wadda kuma ta fi yawa a ma’aikatun Kebbi, ita ce a raba aiki gida biyu. Mai zane da injiniya da mai ƙididdigar kayan gini su gama nasu, a fitar da takardar awo, sannan ’yan kwangila su yi gasa a kan farashi. Alfanunta a fili yake: mai aiki ya san abin da zai samu da abin da zai biya, kuma wanda ya zana yana duba wanda ke ginawa.

Amma duk wannan ya rataya ne a kan zanen ya cika. A aikace sau da yawa ana ɗauko zanen ajujuwa ko na ƙaramin asibiti guda ɗaya a watsa shi ko’ina, daga tudun Gwandu har bakin fadamar Augie, ba tare da an haƙa rami ɗaya an ga irin ƙasar ba. Ranar da aka fara haƙa harsashi aka tarar da laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, sai a dawo ofis neman ƙarin kuɗi. Daga nan farashin da aka yi gasa a kansa ya tashi aiki, abin da ya rage ciniki ne tsakanin mutum biyu a ɗaki.

Sai batun mafi araha. Doka ba ta ce a ba mafi araha kawai ba, cewa ta yi mafi araha cikin waɗanda suka cancanta. Sai dai jami’in da ke tsoron masu binciken kuɗi ya san bayanin dalilin tsallake ƙaramin farashi yana da wuya, don haka sai ya bi lamba. Ɗan kwangilar da ya karya farashi don ya ci kuwa ya san inda zai fanshe. Buhun simintin da ya kamata ya ba da bulo mai inci tara wajen 30, sai a matse shi ya ba da 50, irin bulon da in ka murza gefensa da yatsa yake zuba. Rodi mai milimita 16 ya koma mai 12 da zarar mai duba aiki ya juya baya, kuma in an zuba kankare babu mai sake ganinsa. Kankaren da ake so ya sha ruwa aƙalla mako guda, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, sai a yayyafa masa sau biyu a ce ya isa, don tankar ruwa kuɗi ce. Ranar buɗewa fenti ya rufe komai. Damina ta uku ce ke karanta takardar. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma abin da kowa ya sani a harkar, ba a dai rubuta shi a rahoto: sayar da takarda. Don shiga gasar tarayya ana neman rajistar kamfani, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun fansho da na asusun horar da ma’aikata da na inshorarsu. Gwanin magini na Argungu wanda ya yi shekara ashirin yana aza dakin ba shi da ko rabinsu. Mai su kuma wani ne a Abuja ko Kaduna wanda bai taɓa riƙe cebur ba. Shi zai ci aikin, ya cire nasa, ya sayar wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku. Kafin kuɗin su iso hannun mai kwaɓa siminti sun rame. A takarda an bi ƙa’ida tsaf.

Don gudun wannan wasu ma’aikatu kan koma aikin kai-da-kai, su sayi kaya da kansu, injiniyoyinsu su tsaya a kan leburori. Ga cike ramukan titi da gyaran kwalbati da yashe magudanan ruwa kafin damina, babu hanyar da ta fi ta sauri. Illarta ita ce mai saye da mai aiki da mai dubawa duk mutum ɗaya ne, in abu ya lalace babu wanda za a ci tara.

Kamfani ɗaya ya zana ya gina

Ɗaya hanyar ita ce a damƙa wa kamfani guda zane da gini gaba ɗaya. Tana rage jifan juna da laifi tsakanin mai zane da magini, tana kuma rage lokaci. Mutanen wannan kwari sun ga ɗaya fuskar tata tun da daɗewa.

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi madaidaiciyar madatsa a Bakolori, kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. Da aikin nazari da zane ya shiga hannun Impresit, mai alaƙa da kamfanin Fiat na Italiya, sai aikin ya kumbura ya zama katafariyar madatsa da babban filin ban-ruwa, kuma kamfanin ne ya gina daga 1974 zuwa 1978. Ba sai an zargi kowa da mugunta ba: wanda ribarsa ke ƙaruwa da girman aiki, in aka tambaye shi girman da ya dace, ba zai ce ƙarami ba. Manoman da aka tasa suka yi ta jiran diyya da gonaki, suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 ’yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. A ƙasan madatsar kuma, binciken W. M. Adams ya nuna ambaliyar da fadama ke rayuwa da ita ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Babu layi ɗaya a takardar awon aikin da aka ware wa waɗannan mutane.

Yau salon ya dawo da ƙarin kaya: kamfani ya zana, ya gina, ya kuma taimaka wajen nemo bashin da za a yi aikin. A irin wannan tsari aka ba Hitech titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a 2024, Atiku Abubakar yana cewa ba a yi buɗaɗɗiyar gasa ba, Ministan Ayyuka David Umahi yana cewa doka ta yarda da gayyatar zaɓaɓɓu. Kamfanin ne kuma ke riƙe da kason Kebbi, mai kilomita 258, na babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, wanda aka ƙaddamar a watan Oktoban 2024, titin da ake maganarsa tun zamanin Shehu Shagari. Babu ɗan Kebbi da ba ya son titin. Tambayar masu sana’a ita ce wa ke auna aikin a madadin jama’a, kuma shin mai aunawar yana cin abinci ne daga hannun da ba na ɗan kwangilar ba. Asusun rarar kuɗin man fetur, PTF, na zamanin Abacha, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, ya gwada wani salon, inda kamfanin masu ba da shawara na Afri-Projects Consortium ya riƙe ragamar ayyuka. An ga tituna da magunguna da sauri, amma bayan rushe asusun a 1999 an daɗe ana muhawara a kan yawan ikon da aka tara a hannu ɗaya.

Zauro

Aikin Zauro ya fi kowanne nuna inda gizo ke saƙa, domin shi ko matakin rigimar farashi bai kai ba. An shata shi a 1969, tsakanin gwamnatin jiha da ta tarayya, don a kewaye fadamar Rima tsakanin Argungu da Birnin Kebbi da jigawar tare ruwa, a yi ban-ruwa a hekta 10,572. A 1982 aka yi gwaji a hekta 100 kusa da Birnin Kebbi. Daga nan sai alƙawari. Shugaba Obasanjo ya yi nasa a Birnin Kebbi lokacin yaƙin neman zaɓen 2003. A 2006 tarayya da jiha suka sa hannu a yarjejeniyar da aka ƙiyasta a naira biliyan 15. A 2008 ’Yar’aduwa ya ba da umarnin a fara. A wannan shekarar ce manoman yankin Argungu suka yi bore.

A ofis an ɗauki abin a matsayin rashin wayewa: ana kawo muku ci gaba kuna jifa. Amma a tsaya a dubi lissafin manomin. Gonarsa ta fadama gado ce, ya san inda ruwa ke fara shiga da inda yake daɗewa, yana shuka shinkafar da ke bin ruwa tana tsawo, in ruwa ya janye ya yi su a tafkunan da suka rage, makiyayi ya shigo da shanu su ci kara. Aikin zai karɓe gonakin, ya baje, ya sake rabawa. Wa zai samu, nawa zai samu, shekara nawa zai zauna babu noma kafin a gama? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 diyyar amfanin gona da gini take biya, ba ta biyan ƙasar kanta. Ga wanda zai rage a wajen jigawar, ruwan da aka hana shiga ciki kansa zai komo. Ga Kabawa masunta, waɗanda bikinsu na kamun kifi a Matan Fada ta Argungu ya samo asali tun 1934 har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2016, duk abin da zai taɓa tafiyar ruwa ya taɓa tukunyarsu. Sannan labarin Bakolori bai tsufa ba, a kan ruwa ɗaya suke.

Babu wata hanyar ba da kwangila, buɗaɗɗiya ko rufaffiya, da za ta amsa waɗannan tambayoyi. Aikin mai aiki ne ya amsa su kafin ya buga talla, da bakin sarakuna da hakimai da shugabannin manoma da na masunta, a rubuce, da sunan kowa da girman gonarsa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. A Zauro an yi zanen injiniya, ba a yi na mutane ba.

Abin lura, noman ranin da aka so a kawo da babbar kwangila ya zo ta wata ƙofa. Rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da ƙananan injinan ban-ruwa, waɗanda shirye-shiryen Fadama suka yaɗa tun shekarun 1990, sun cika kwarin. Da Shugaba Buhari ya zo Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, a kan wannan noman ya tarar da jama’a. Wannan bai nuna ba a bukatar jigawa da magudanai ba, ambaliyar 2020 ta isa shaida. Ya dai nuna aikin da aka yanka daidai ƙarfin mai shi ya riga wanda aka yanka daidai burin gwamnati isowa.

Ruwa, dutse da naira

Ko an gama da mutane, saura ƙasa da sama. Damina a nan daga Yuni ce zuwa Satumba, amma gulbi ya fi cika a Agusta da Satumba, lokacin da ruwan sama ya haɗu da wanda ake sakowa daga Goronyo da Bakolori. An gani a 2010, an gani a 2012, a 2020 kuma hukumomi suka ce ruwa ya ci kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar, ya karya gadoji, ya yanke hanyoyi. Bayan ruwa ya janye ma, fadama ba ta ɗaukar tifa da katafila sai ta bushe. Wanda zai yi cikon ƙasa ko kwalbati a hanyar da ta ratsa fadama, kamar ta Dukku zuwa Makera ko ta Argungu zuwa Natsini, kusan wata shida yake da su a shekara.

To a haɗa wannan da kalandar ofis. An sa hannu a kasafi a Janairu, an yi talla, an tantance, an jira amincewa, kuɗin kafin alƙalami sun fito a Yuni ko Yuli. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗi daidai lokacin da ba zai iya shiga wurin aiki ba, leburorinsa ma sun koma gona. Kuɗin da suka zauna wata huɗu a hannun ɗan kasuwa kuwa ba zama suke yi ba. Kwangilar wata 12 da aka sa wa hannu a Yuli, a gaskiya ta rani biyu ce, kuma tun ranar sa hannu kowa a teburin ya san haka.

Dutse ma magana ne. Birnin Kebbi da Argungu suna kan shimfiɗar yashi da laka da marmara, babu dutsen fasawa mai ƙarfi a kusa. Tsakuwar kankare da ta kwalta sai an ɗauko ta daga kudancin jihar ko daga wajen Zamfara, wato kaso mai yawa na kuɗinta na dizal ne, wasu hanyoyin kuma direba sai ya yi shahada saboda ’yan bindiga. Siminti yana kusa, ga masana’antar Kalambaina a Sakkwato, sai dai kusanci bai hana farashi tashi ba. Ƙiyasin da aka yi da farashin Abuja ba ya aiki a nan.

Sai naira. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki canji a watan Yuni, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun simintin da ake saya wajen naira 2,500 a 2019 ya wuce 10,000 a wasu kasuwanni a Fabrairun 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar wannan shekara, kuɗin ruwan bashin banki kuma ya doshi kashi 30. Ɗan kwangilar da ya sa hannu a ƙayyadadden farashi a 2022, aka kuma riƙe masa biya wata takwas, zaɓinsa uku ne: ya karye, ya gudu, ko ya rage siminti. Kuɗin ruwan da doka ta ce a biya shi kan jinkiri, da wuya a ga wanda ya nema, don mai neman aikin gobe ba ya kai ma’aikata ƙara yau. Shi ya sa tsarin da ke ware kuɗi gefe guda ya fi gama aiki. Asusun manyan makarantu na TETFund yana sakin kuɗi kashi-kashi bayan an ga matakin da gini ya kai, kuma kuɗin ba sa bin hawa da saukar kason wata-wata. Takardun bashi na Sukuk da aka fara a 2017 da naira biliyan 100 an ɗaure su ne da tituna 25 da aka ambata da suna. Masana’antar Argungu ma wannan ne sirrinta: mai ita ya tanadi kuɗinsa, kuma kowace ranar jinkiri asararsa ce shi kaɗai.

Canjin gwamnati na ƙara nasa. Sabon gwamna ya fi son abin da zai sa wa allo da sunansa, aikin wanda ya gada sai ya jira. Kangon da ya yi shekara goma yana shan rana da ruwa, rodinsa a waje yana tsatsa, in aka dawo kansa sai an biya kuɗin gyara kafin na ci gaba, a farashin yau.

Bayan an yanke ƙyalle

Kwangila takan ƙare ranar miƙa makulli, gini kuwa ranar yake fara cin kuɗi. Filin jirgin Ambursa ya yi ranarsa, daga nan jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi a watan Mayun 2024. Amma titin jirgi da na’urori da ’yan kwana-kwana kullum suna bukatar kuɗi, ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba. Bikin Argungu ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai Maris 2020, masaukai da rumfunan da aka gina dominsa suka yi shekara goma ba biki. Gyaran da ake tashi yi ana saura makonni a yi biki dole ya zama na gaggawa, gaggawa kuma ita ce ƙofar da doka ta bari a buɗe don bala’i, ba don ranar da kowa ya san tana zuwa ba.

Kira ga masu sana’a

Injiniyoyi da masu zane da masu ƙididdiga su ne ke sa hannu a takardar da ke cewa aiki ya kai a biya, kuma rajistarsu a hukumar injiniyoyi ta COREN da sauran hukumomin sana’a ita ce jinginar wannan sa hannu. Takardar tana roƙonsu abu ɗaya da ke hannunsu, ba sai an gyara doka ba: kada su sa hannu a tallar wani aiki a kwarin Rima sai sun ga sakamakon gwajin ƙasa, da alamar inda ruwan 2020 ya kai a wurin, da jerin sunayen waɗanda aka biya diyya, da shaidar cewa kuɗin rani na farko suna cikin asusu. Ga Majalisar Dokokin Jihar Kebbi kuma, ta nemi a riƙa kawo mata jerin ayyukan da aka fara ba a gama ba, da abin da aka biya a kan kowanne, kafin ta amince da sabon aiki ko ɗaya a kasafin baɗi.